Zuwa wajen mashawarcin lafiyar ƙwaƙwalwa: yadda ake farawa daga Harobanda da abin da ake tararwa

A birnin Yamai, idan aka ce an kai wane "Pavillon E", ba a buƙatar ƙarin bayani. Sunan sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa ya shiga bakin jama'a har ya zama abin zolaya, wani lokacin ma abin zagi. Saboda haka mutane da yawa da ke fama da rashin barci, fargaba ko baƙin cikin da ya ƙi tafiya sukan zaɓi yin shiru, don gudun a ce sun haukace. Alhali mafi yawan waɗanda ke zuwa wajen mashawarci ba a kwantar da su asibiti. Zuwa suke yi da ƙafarsu, su zauna a yi magana, su koma gida ko wajen aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, wato kimanin mutum miliyan 970, kuma fargaba da ciwon damuwa ne suka fi yawa a ciki.

Mece ce jinyar magana?

Jinyar magana, wadda ake kira psychothérapie da Faransanci, hanya ce ta warkar da damuwa inda mutum ke zama da wani ƙwararre a lokuta ƙayyadaddu, suna tattauna abin da ke damunsa bisa tsari da manufa. Ta bambanta da hirar fada ko ta foyandi ta fuska uku. Mai sauraren ya koyi aikin a makaranta, doka ta ɗora masa riƙe sirri, kuma ba shi da wata riba ko asara a cikin rigimar gidan mai magana. Aboki na iya ɗaukar gefe, ƙanwar uwa na iya kai zancen gaba. Mashawarci ba ya yin ko ɗaya.

Hanyar ta samo asali ne daga Turai a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Sigmund Freud ya fara sauraren majinyata a birnin Biyena. Daga baya ta rarrabu. Carl Rogers na Amurka ya kafa tsarin da ke mayar da hankali kan sauraro ba tare da yanke hukunci ba. A shekarun 1960 Aaron Beck ya fito da tsarin gyaran tunani, wanda daga baya aka haɗa shi da gyaran ɗabi'a, ake kiransa TCC a ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Shi ne ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka fi yin bincike a kansu, kuma ba ya ɗaukar shekaru.

Wa ke yin wane aiki?

Sunayen ma'aikatan sukan rikitar da jama'a, don haka yana da kyau a bambance su tun kafin a fita daga gida.

Psychiatre likita ne cikakke da ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa. Shi ke da ikon rubuta magani da kwantar da majinyaci. Psychologue masanin halayyar ɗan Adam ne da ya yi karatun jami'a. Aikinsa gwaji da jinyar magana, ba ya rubuta magani. Akwai kuma malaman jinya da suka samu horo na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda a Nijar su ke ɗauke da babban ɓangare na aikin, musamman a asibitocin jihohi da gundumomi, saboda ƙarancin likitocin fannin. Sai ma'aikatan jin daɗin jama'a, da ake kira assistant social, waɗanda ke duba abin da ya shafi gida, kuɗin magani da kariyar yara da mata.

A wannan bayani, kalmar mashawarci na nufin duk wanda ya samu horon jinyar magana daga cikin waɗannan. Ba duk mai kiran kansa "coach" a Facebook ko TikTok ke da wannan horo ba. Mai neman taimako na da haƙƙin tambayar inda mutum ya yi karatu da asibitin ko ƙungiyar da yake aiki a ƙarƙashinta, kuma ƙwararre na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Yaushe ya kamata a je?

Baƙin ciki bayan rasuwa, ko tashin hankali kafin jarrabawa, ba cuta ba ne. Abin da ma'aikatan lafiya ke dubawa shi ne tsawon lokaci da kuma yadda abin ya hana mutum gudanar da rayuwarsa. A ciwon damuwa, ma'aunin da aka saba da shi shi ne mako biyu ko fiye na ƙuncin zuciya kusan kullum, ko rashin jin daɗin abin da a da ake so, tare da lalacewar barci, rashin cin abinci, kasala da ganin kai ba a bakin komai ba. Idan mutum ya ga tashin hankali, kamar hatsari, hari ko ambaliya, ana sa ran firgita da munanan mafarkai su ragu cikin ƴan makonni. In suka wuce wata guda suna nan daram, lokacin neman taimako ya yi.

Mazauna Harobanda sun san irin wannan. A farkon watan Satumba na 2020, kogin Isa ya fasa madatsar da ke kare Lamorde, ruwa ya mamaye gidaje a unguwannin wannan gaɓar, iyalai da dama suka koma kwana a makarantu. Ruwa yakan janye, a sake gini, amma wani da ya fita da ƴaƴansa cikin dare yakan kasa barci duk lokacin da hadari ya haɗo, ko da shekaru sun wuce. Haka kuma unguwar na ɗauke da dubban ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni, da yawansu sun baro iyayensu a Zinder, Maraɗi, Tawa ko Diffa, suna fama da cunkoson ɗakin kwana, jinkirin kuɗin tallafi da shekarar karatu da kan ja.

Sau da yawa damuwa ba ta bayyana da sunanta. Mutum zai ce kansa na zafi, zuciyarsa na bugawa, wani abu na yawo a jikinsa, ko kuma ya ce yawan tunani ya hana shi sakat. Yakan sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau da dama ba sauƙi. Mata masu jego na cikin waɗanda aka fi mantawa da su: alƙaluman OMS sun nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Matasan da suka faɗa shan tramol ko wasu ƙwayoyi su ma suna cikin masu buƙatar wannan taimako.

Ta wace ƙofa ake shiga?

Harobanda, wadda sunanta a Zabarmanci ke nufin bayan kogi, ita ce gunduma ta biyar ta birnin Yamai. Ƙofa mafi kusa ga mazauninta ita ce cibiyar lafiya ta unguwa, wato CSI. A can ake fara bayani, a auna jini da zafin jiki, in da buƙata a ba da takardar turawa gaba. Tun 2008 OMS ke da wani shiri mai suna mhGAP da ke horar da ma'aikatan ƙananan cibiyoyi yadda za su gane damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka yi amfani da shi. Ma'aikatar kiwon lafiya tana da shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke kula da wannan fanni.

A wannan gaɓar akwai asibitin gunduma na Gaweye da kuma Asibitin Ƙasa na Lamorde, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Amirou Boubacar Diallo, inda ake iya yin gwaje-gwajen jiki. Babban sashen cututtukan ƙwaƙwalwa kuwa yana ƙetaren kogi, a Babban Asibitin Ƙasa, ba nisa da gadar Kennedy. Ana zuwa can ganin likita a koma gida a ranar, kamar kowane sashe. Bayan asibitocin gwamnati, akwai masu aiki a asibitoci masu zaman kansu, da ƙungiyoyin da ke tallafa wa mata da yaran da aka ci zarafinsu ko ƴan gudun hijira, waɗanda galibi ba sa karɓar kuɗi daga mutanen da shirinsu ya shafa.

Gwajin jiki tun farko yana da muhimmanci, domin wasu cututtuka na kama da damuwa. Ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna kawo kasala, bugun zuciya ko saurin fushi. Farfaɗiya kuma cuta ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa da magani ke tsayarwa, magana kaɗai ba ta yi mata komai.

Zaman farko

Zaman farko yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, kuma kusan dukansa tambayoyi ne. Mashawarci zai gabatar da kansa, ya bayyana aikinsa da dokar sirri, sannan ya tambayi abin da ya kawo mutum, da dalilin da ya sa ya zo yanzu. Zai so ya san lokacin da abin ya fara, abin da ke tsananta shi da abin da ke sassauta shi. Zai tambayi barci, abinci, aiki ko karatu, zaman aure, cututtukan da aka taɓa yi, magungunan da ake sha har da na gargajiya, da ko wani a dangi ya taɓa yin irin wannan larura.

Wasu na amfani da takardar tambayoyi, kamar PHQ-9, mai tambaya tara kan yadda mutum ya ji cikin mako biyun da suka wuce. Ba jarrabawa ba ce, ba a ci ba a faɗuwa. Ma'auni ne da za a sake dubawa nan gaba a ga ko an samu sauƙi.

Akwai tambaya ɗaya da kan girgiza mutane: ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ana yi wa kowa ita. Bincike ya nuna cewa yin tambayar ba ya cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake kawowa ga wanda ya daɗe yana ɓoyewa. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai dai ba dole ba ne a zazzage komai a rana ɗaya. Mutum na iya cewa bai shirya taɓa wani zance ba tukuna, kuma a bar shi. Kuka, shiru ko rasa abin faɗi duk abubuwa ne da mashawarci ya saba gani.

Harshe ma abin dubawa ne. Ma'aikatan sun yi karatunsu da Faransanci, amma ciwon zuciya ya fi fita da harshen uwa. Mai zuwa na iya neman a yi zaman da Hausa, Zabarmanci ko Fulatanci. In sai da tafinta, ya fi kyau kada ya kasance miji, mata ko ɗan mutum, domin akwai abin da ba ya faɗuwa a gabansu. Mace na iya neman mace ta saurare ta idan akwai.

Kafin a tashi, mashawarci zai faɗi yadda ya fahimci matsalar da kalmomi masu sauƙi, a amince kan abin da ake son cimma, a tsayar da ranar dawowa. Abin da ya kamata a tafi da shi bai da yawa: karnen asibiti, takardun magani na baya, kwalayen magungunan da ake sha, da ƴan abubuwan da ake son faɗi, a rubuce ko a riƙe a ka.

Sirri da iyakarsa

Tsoron tonon asiri shi ne babban abin da ke hana mutane zuwa, musamman a unguwar da kowa ya san kowa. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta tanadi hukunci ga ma'aikacin lafiyar da ya fallasa sirrin da aka ba shi amana. Miji, uba, shugaban ma'aikata ko malamin jami'a ba su da ikon sanin abin da aka faɗa sai da yardar mai shi.

Sirrin na da iyaka, kuma mashawarci nagari yakan faɗe ta tun ranar farko. Idan rayuwar mutum ko ta wani na cikin haɗari na kusa, ko ana cutar da ƙaramin yaro, ko kotu ta buƙaci bayani bisa doka, zai iya sanar da wanda ya dace, gwargwadon abin da zai kare rai. Ga yara kuwa, ana aiki tare da iyaye, amma akan ba matashi damar yin magana shi kaɗai.

Zaman da ke biyo baya

Akasari ana haɗuwa sau ɗaya a mako ko a mako biyu. A tsarin TCC, jinyar damuwa ko fargaba kan ɗauki zama 6 zuwa 20. Aikin ya ƙunshi gano tunanin da ke zuwa wa mutum kai tsaye, a auna shi da hujja. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya yanke cewa ya kunyata iyayensa har abada, za a tambaye shi abin da ke tabbatar da haka da abin da ke ƙaryata shi, da abin da zai gaya wa abokinsa da ke cikin irin halin. Matar da ta daina fita tun rasuwar mijinta, za a tsara mata ƙananan matakai: yau ta leƙa maƙwabta, jibi ta je kasuwa, mako mai zuwa ta koma wajen adashi. Wanda ke firgita da ƙarar ruwan sama za a koya masa jan numfashi a hankali, sannan a bi labarin daren ambaliyar daki-daki har ya daina girgiza shi kamar da.

Tsakanin zama da zama akwai aikin gida: lura da lokacin barci, gwada wani mataki, ko riƙe abin da ya tayar da hankali a mako. Wanda bai iya rubutu ba na iya ajiye saƙon murya a wayarsa. Yawancin sauyin a gida yake faruwa, domin awa guda ce kawai a mako ake yi a ofis.

Ga wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci, OMS ta fitar da wani gajeren tsari a 2016 mai suna PM+, zama biyar na minti 90, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya gudanarwa bayan horo. An gwada shi a Pakistan da Kenya. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su saurari masu damuwa a kan benci a harabar cibiyoyin lafiya na Harare, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka yi zama da su sun fi samun sauƙi. Sunan da mutanen can ke ba ciwon, kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani, daidai da yadda ake faɗi a nan.

Ba kullum sauƙi ke zuwa a miƙe ba. Bayan an taɓo tsohon ciwo, mutum na iya jin nauyi na kwana ɗaya ko biyu. A nan ne wasu ke yanke zuwa, alhali abin da ya dace shi ne su faɗa wa mashawarcin a rage sauri.

Magani ko magana?

Ƙaramar damuwa da matsakaiciya kan warke da magana kaɗai. Mai tsanani kan buƙaci a haɗa da magani, kamar amitriptyline ko fluoxetine, waɗanda likita ke rubutawa. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin bambanci, kuma ana ci gaba da shan su watanni bayan an ji sauƙi. Dainawa farat ɗaya ba tare da shawarar likita ba na iya dawo da ciwon. Wanda ke jin muryoyi, ko ya rikice ya daina gane mutane, magani yake buƙata da farko, magana ta biyo baya. Ƙwayoyin barci da ake saya a tebur ko hannun masu yawo da magani ba sa warkar da damuwa, wasu ma kama jiki suke yi.

Malam, zima da dangi

Kafin a isa asibiti, yawancin iyalai sun riga sun bi ta wajen malam don rubutu ko ruƙiya, wasu ta wajen boka ko zima. Mashawarci ba ya buƙatar mutum ya bar addu'a, kuma ga mai imani salla da tawakkali na cikin abubuwan da ake dogara da su a jinyar. Abin da yake buƙata shi ne a gaya masa gaskiyar abin da ake sha, kuma kada a dakatar da maganin asibiti. Duka, ɗauri da mari ko hana abinci kuwa cutarwa ce, ko wa ya yi ta.

Shigar da dangi cikin jinya tsohon abu ne a Afirka ta Yamma. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata tare da ƴan uwansu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta. A asibitin Fann na Dakar, inda Henri Collomb ya yi aiki daga 1959, an saba kowane majinyaci ya zo da ɗan rakiya daga gida. Har yau mashawarci na iya gayyatar miji, uwa ko yaya zuwa wani zama, amma da izinin mai jinyar.

Kuɗi, canji da gamawa

Farashi ya bambanta tsakanin asibitin gwamnati, mai zaman kansa da ƙungiya. Ya kamata a tambayi kuɗin kowane zama da adadin zaman da ake hasashe tun ranar farko, a haɗa da kuɗin taksi ko faba-faba na ƙetare gada, domin tsarin da aljihu ba zai iya ɗauka ba yankewa yake yi a tsakiya. Wanda ba shi da hali na iya neman ganin ofishin jin daɗin jama'a na asibitin.

Bincike ya daɗe da nuna cewa jituwa tsakanin mashawarci da mai zuwa na cikin manyan abubuwan da ke kawo nasara. Idan bayan zama uku ko huɗu mutum na jin ba a sauraronsa, yana da damar faɗi ko neman wani. Mashawarcin da ke wulaƙanci, ko neman wata alaƙa ta daban, ko alƙawarin warkarwa cikin kwana kaɗan, a bar shi a kai ƙara ga hukumar asibitin.

Ana gama jinya ne idan an cimma abin da aka sa gaba: barci ya dawo, an koma aji ko kasuwa, fushi ya lafa a gida. Akan tsawaita tazarar zaman ƙarshe, a bi alamomin da za su nuna ciwon na son dawowa da abin da za a yi idan an gan su. Komawa bayan wata shida ko shekara ba faɗuwa ba ce.

Akwai halin da ba ya jiran ranar da aka tsayar. Idan mutum ya furta cewa zai kashe kansa, ko ya sha wani abu don cutar da kansa, ko ya rikice har yana iya jikkata wani, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da magunguna, maganin ƙwari da makamai daga kusa da shi, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira SAMU a lamba 15 ko ƴan kwana-kwana a lamba 18.